Murfin Garmahon Kausar

Iskandariyya, Oktoba 1993

'Yata Nihal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mijinki Midhat da jikana Ziyad. Ni ma lafiya lau, in ban da gwiwoyin nan da kika sani, su kam ba sa rasa abin faɗa game da matakalar gidanmu.

Takardarki ta iso, na ga maganar in tattara in koma Maskat wurinku. Na gode, Allah ya yi miki albarka. Sai dai ba zan iya tashi yanzu ba, akwai aiki a gabana: garmaho ya lalace.

Kada ki yi dariya, ki saurara tukuna. Tun ranar da mahaifiyarki Kausar ta rasu ba a kunna komai a gidan nan ba. Innarki Wafiyya ta lulluɓe talabijin da garmaho da zanin gado, ta ce sai an yi arba'in. Aka yi arba'in, mata suka watse, suka bar mini miyar lalo da za ta ishi unguwar Ibrahimiyya kaf. Na yaye zanin. Na ɗauko faifan nan nata mai koren bango, wanda gefensa ya cinye don yawan ɗauka, na goge shi, na ɗora allura, na zauna a kujerata.

Nihal, ba shi ba ne. Waƙar ita ce, muryar ita ce, amma sautin ba na gidan nan ba ne. Ya fito siriri, tsaf-tsaf, babu maiƙo. Wanda na sani mai kauri ne, da wani gurnani ƙasa-ƙasa da nake fara ji a ƙirji kafin ya kai kunne. Akwai kuma wata 'yar ƙararrawa can ciki da ke kaɗawa a hankali duk sanda mai ganga ya buga. Yanzu ba gurnanin, ba ƙararrawar.

Kin dai san yadda muke. In taso daga ofishin tarho da azahar, in sauka daga jirgin cikin gari, in kama matakala, sautin nan ya tarye ni tun daga hawa na uku. Ina sa makulli sai ta ɗage allura, ta ce, "Wanke hannu, abinci na hucewa." Ban taɓa zama na ji faifan nan daga farko har ƙarshe ba, ina ganin waƙar mata ce. Yau ga ni da lokaci har ya yi mini yawa, abin da zan ji kuma ya gudu.

Zan kai shi wurin gyara. In ya dawo daidai, sai mu yi maganar tafiya. Ki shafa mini kan Ziyad.

Mahaifinki,
Ra'afat

Maskat, Nuwamba 1993

Babana abin ƙaunata,

Wa alaikumus salam. Muna gaishe ka ƙwarai, Midhat ya ce a miƙa masa gaisuwa ta musamman. Ziyad ya fitar da haƙoran gaba, yana cizon duk wanda ya ɗauke shi, ni na ce halin kakansa ne ya fara fitowa.

Baba, na yi dariyar, daga baya na yi kuka. Garmaho lafiyarsa ƙalau. Gidan ne ya yi shiru, in gida ya yi shiru kuwa ko me aka kunna siriri zai fito. Kai da ka yi rayuwarka kana sauraron layin tarho, kana gane waya mai tsatsa daga nesa, ai ka fi ni sanin wannan.

Wa ke dafa maka abinci? Kada ka ce mini Inna Wafiyya, na san ba ka buɗe mata ƙofa in ka ga dama. Kana shan maganin hawan jini, ko yana nan kan firij yana gadi?

Mun gyara maka ɗaki mai taga biyu, yana kallon bishiyar lemo. Kuma abin da zai fi yi maka daɗi, gidanmu a ƙasa yake, babu matakala ko ɗaya, daga mota sai falo. Midhat ya ce akwai kaset ɗin wannan waƙar a kasuwa nan, da rediyo sabo fil wanda ba ruwansa da allura. Ka bar tsohon akwatin nan ya huta, shi ma ya yi aikinsa.

Ina kwana ina tashi da tunanin kana can kai kaɗai a hawa na huɗu. In ka faɗi a banɗaki, wa zai ji? Ka tausaya mini, Baba. Ka ce "to" kawai, sauran namu ne.

'Yarka mai kewarka,
Nihal

Iskandariyya, Disamba 1993

'Yata Nihal,

Bayan gaisuwa. Ina shan magani, ina cin wake da burodi da safe kamar kowane ɗan Adam, kifi kuma ranar Juma'a. Ki kwantar da hankalinki. Maganar kaset kuwa, ki gaya wa Midhat na gode, amma ya riƙe abinsa.

Na kai garmaho wurin Khawaja Istilyo, tsohon Bagirken nan mai gyaran rediyo da ke bayan tasha. Ammu Hilal mai gadin gidanmu ne ya sauko mini da shi, yana nishi kamar ya ɗauko bijimi. Istilyo ya canza allura, ya canza bel, ya ɗiga mai, ya kunna. Ya lumshe ido ya ce, "Ustaz Ra'afat, wannan ai amarya ce. Me kake so kuma?"

Na ce, "Gurnanin nake nema, da ƙararrawar."

Ya ce, "Gurnani? Mutane biyana suke yi in cire musu gurnani, kai ka zo in sa maka? Ƙararrawa kuwa babu ita a faifan nan, na rantse da kabarin uwata. Je ka a duba kunnenka."

Na ji haushi, amma na je. Likita ya leƙa, ya buga ƙarfensa, ya ce kunnena ya fi na wasu samari. Da ma ya ce na kurumce, da na san inda zan ajiye abin.

Sai na yi tunani, ai ni daga matakala nake jin sautin nan, watakila ƙofa ce ke ƙara masa kauri. Na kunna, na ja ƙofa, na sauka hawa na uku na tsaya. Siririn nan dai ya biyo ni, sai ma ya ƙara nisa. Na gwada da taga a buɗe, na gwada a rufe, na matsar da kujeru, na naɗe darduma na sake shimfiɗawa. Ko alama.

Abin da ke ba ni mamaki, a ƙa'ida yanzu ne ya kamata ya fi kowane lokaci daɗi, tunda na rabu da murfin garmahon. Kin tuna rigimarmu da mahaifiyarki a kan murfin robar nan. Ni na ce murfi fatar ganga ne: sauti ya fito daga lasifika ya doke shi, ya yi rawa, rawar ta bi akwatin ta koma kan allura, waƙa ta dagule. Balle mu da lasifikanmu ke kan kabad ɗaya da garmahon. Ita kuma ta ce, "Ra'afat, kai ba ka shara, shi ya sa ba ka san ƙurar garin nan ba. Ga gishirin teku, ga hayaƙin mota." Muka tsaya a kan cewa in ana kiɗa a buɗe, in an gama a rufe, ta ɗora masa ɗan ƙyallenta na kwarashi. To ranar da na yaye zanin gado na kwance shi gaba ɗaya daga maƙalinsa, na ba Ammu Hilal ya yi yadda ya ga dama da shi. Karo na farko ke nan da na ci gardama a gidan nan, kuma babu wanda zan yi wa gori.

Nihal, zan faɗa miki gaskiya. Fuskarta tana nan a hoto, amma muryarta ta fara ɓace mini. Jiya na so in tuna yadda take kiran sunana daga kicin, na kasa. Ina ganin in na sami sautin nan, sauran za su biyo shi. Ina jin tsoro.

Ruwan hunturu ya fara, teku yana hauka. Ki gaida mutan gidan.

Mahaifinki,
Ra'afat

Iskandariyya, Janairu 1994

Nihal 'yar 'yar'uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni ba gwanar rubutu ba ce, kin sani, don haka zan tafi kai tsaye.

Ubanki ba lafiya ba. Ba ciwon jiki nake nufi ba. Na je masa da dafaffen kabeji ranar Talata, na same shi tsaye a matakala da rigar barci da silifa, ya karkata kai yana kallon bango, waƙar marigayiya na tashi daga sama. Na ce, "Ra'afat, lafiya? Makulli ka yar?" Ya ɗaga mini hannu wai in yi shiru. Ni, a matakalar gidan yayata!

Matar hawa na biyu ta ce kullum haka yake da azahar, ya hau ya sauka, ya hau ya sauka. Yaranta har sun fara kwaikwayonsa. Na ce masa, "Kai da ka hana baiwar Allah sakat da dokokinka, kar a taɓa allura, kar a goge da busasshen tsumma, yanzu kai ne mai son waƙarta?" Sai ya ci gaba da kallon bangonsa. Wallahi da ya zage ni kamar da, da na fi samun natsuwa. Ya rame, wuyan rigarsa har yana yawo.

Ki zo ki ɗauke shi ko ki aiko mijinki. In aka bar shi haka, wata rana a matakalar nan za a tsince shi, Allah ya kiyaye. Na faɗa miki, na fita haƙƙinki.

Ki aiko mini da turaren nan na wuta irin na bara.

Innarki,
Wafiyya

Maskat, Fabrairu 1994

Babana,

Assalamu alaikum. Ka gafarce ni da jinkirin amsa. Takardarka ta Disamba ta daɗe a ƙarƙashin filona. Tun a layin da ka ambaci murfi na san abin da kake nema, na kuma san inda yake. Na yi shiru ne da gangan, don na san in ka samu ba za ka zo ba. Na ce bari ya gaji ya haƙura. Sai ga takardar Inna Wafiyya, na ga ba haƙura kake yi ba, ƙarewa kake yi.

Baba, Mama ba ta taɓa jin faifan nan da murfi a buɗe ba. Ko sau ɗaya.

Kana fita da safe za ta gama shara da wanki, wajen sha biyu ta ɗora faifan, ta saukar da allura, ta rufe murfin ruf, ta shimfiɗa ƙyallen kwarashi a kai. Sannan ta jawo kujera kusa da kabad, ta ɗora tiren shinkafa a cinya tana tsince tsakuwa. Kofin shayinta kuwa, na gilashin nan mai bakin zinariya, a kan murfin take ajiye shi, da cokali a ciki. Ƙararrawarka ke nan, Baba. Cokali ne ke kaɗa gilashi in ganga ta buga. Khawaja Istilyo bai yi rantsuwar ƙarya ba.

Ina ƙarama na taɓa ce mata, "Mama, Baba ya ce a buɗe." Ta ce, "Babanki ya san sauti, ni na san ƙura. Kuma haka ya fi mini daɗi, kamar mawaƙiyar tana cikin ɗakin tare da mu. In kin faɗa masa ba ke ba kunun shinkafa." Ban faɗa ba. Kunun shinkafar Mama ba abin wasa ba ne.

Ni ce mai tsayawa a baranda in na dawo daga makaranta. In na hango ka ka sauko daga jirgi sai in ce, "Ga Baba!" Ina zaton za ta yi maza ta kashe. Ina! Sai ta mayar da allura farkon waƙa ta biyu, ta sake rufewa, ta mayar da kofin. Na ce, "Zai kama ki fa." Ta ce, "Bar shi. Yana tsayawa a hawa na uku yana ji, yana tsammanin ban sani ba. Mutum ya wuni yana jin hayaniyar mutane a waya, a bar shi ya ji abu mai daɗi kafin ya shigo ya fara faɗa." Sai ta ji makulli a ƙofa take ɗauke kofi, ta janye ƙyalle, ta buɗe murfi, ta ɗage allura, duk kafin ka cire takalmi. Ban taɓa ganin hannu mai sauri irin nata ba.

Ga shi na faɗa. Na karya alkawarin da na yi mata, na kuma karya wa kaina gwiwa. Ka nemo murfin in yana nan. Ƙyallen yana aljihun kabad na hagu, ƙarƙashin cokulan baƙi. Shayin kar ka cika kofin, rabi take bari.

Ɗakin yana nan yadda muka gyara shi. Ziyad ya fara tafiya, yana zuwa ƙofar ɗakin ya buga. Ban san wa ya koya masa ba.

'Yarka,
Nihal

Iskandariyya, Maris 1994

'Yata Nihal,

Bayan gaisuwa. Takardarki ta same ni a bakin ƙofar gida, a tsaye na karanta ta. Na zauna a bencin Ammu Hilal na sake karantawa. Ya ce, "Lafiya, ya Ustaz? Rasuwa aka yi?" Na ce, "A'a. Ina murfin da na ba ka?"

Ya fara kame-kame. Wai wane murfi, wai ai an daɗe. Daga ƙarshe ya ce in biyo shi saman bene. Da gwiwoyin nan nawa na hau har rufin gida, inda matarsa Ummu Sabir ke kiwon kajinta. Ga murfin garmahona a kife da baki sama, an zuba masa dusa, 'yan tsaki cike da shi suna tsiwa.

Ummu Sabir ta riƙe ƙugu ta ce, "Kyauta ce fa aka ba mu, ya Ustaz. Wanda ya ba da kyauta ya dawo karɓa, kunya ba ta kama shi?"

Na ce, "Tana kama shi, Ummu Sabir. Ga ta nan tana kama ni."

Ta ce, "To su waɗannan in kai su ina? Aljihunka?"

Na ce, "Na Kausar ne. Ban sani ba na bayar."

Nan take ta sauke hannu daga ƙugu. Ta kwashe 'yan tsakin ta zuba a haɓar zaninta, ta juye dusar, ta wanke murfin da sabulu da hannunta, ta miƙo mini. Washegari na saya mata babban baho, ta ce bai kai murfin kyau ba, don ba a ganin tsakin ta gefe.

Ya sha yaƙushi, kusurwa ɗaya ta tsage, har yanzu in rana ta yi zafi yana ɗan tashin warin kaji. Na mayar da shi maƙalinsa. Na sami ƙyallen inda kika ce. Kofin ma yana nan, ashe shi na yi ta turawa baya a kan kanta don kada in gan shi.

Kin san abin dariya? Duk abin da na faɗa game da murfi gaskiya ne. Yana kama sauti, yana mayar wa allura, yana dagula waƙa. Ban yi kuskure ko ɗaya ba. Shekara da shekaru ina da gaskiya, ina kuma tsayawa a matakala ina shan daɗin abin da na hana. Ita kuwa tana ciki tana tsince shinkafa tana yi mini dariya. Allah ya ji ƙanki, Kausar, kin iya mugunta.

Komai ya haɗu tun makon jiya, amma ban kunna ba. Kullum sai in dafa shayin, in zuba rabi, in sa cokali, in tsaya. Idan na kunna ba shi ba ne fa? Ba ni da sauran abin gwadawa. Ki yi mini addu'a.

Kada ki zargi kanki a kan jinkirin. Da ni ne ma haka zan yi.

Mahaifinki,
Ra'afat

Iskandariyya, Afrilu 1994

Nihal,

Na kunna. Na sa kwat da takalmi kamar mai dawowa daga aiki, na ɗora waƙa ta biyu, na rufe murfi, ƙyalle, kofi, cokali. Na sauka har ƙasa, na juyo.

A hawa na uku ya tarye ni. Shi ne, 'yata. Gurnanin, da ƙararrawar. Na dafa bango, sai na ji yadda take kiran sunana, da jan nan da take yi a ƙarshe. Ya dawo.

Na kai ƙofa na sa makulli, na jira a ɗage allura. Waƙar ta ci gaba. Na tsaya a waje har faifan ya ƙare, allura tana ta ƙarzar tsakiya, sannan na shiga na ɗage ta da kaina. Na wanke hannu na ci abinci, har da ƙari. Ki gaya wa Wafiyya.

Yanzu kullum da azahar ina hawa sau ɗaya, ya ishe ni. Kin ce gidanku babu matakala ko ɗaya. Ki yi haƙuri, 'yata, ba bana ba. Ki kawo mini Ziyad da rani, in tsayar da shi a hawa na uku ya ji kakarsa.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Ra'afat